Kuɗin jinya daga aljihu: inda Najeriya ta tsaya a tsakanin ƙasashe

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu warware wani lissafi da ake yawan ambatawa a rediyo da wuraren taro, amma ba kasafai ake bayyana shi yadda magidanci zai amfana ba. Lissafin shi ne nawa iyalai ke fitarwa daga aljihunsu wajen neman lafiya, da kuma inda Najeriya ke faɗawa idan aka jera ta da sauran ƙasashe. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa ma'aikatan lafiya ne da masu riƙe lissafin kuɗin asibiti a nan Zariya.

Kuɗin da kowace ƙasa ke kashewa a kan lafiya ta ƙofa huɗu yake shigowa: baitulmalin gwamnati, asusun inshora, tallafin ƙasashen waje, sai aljihun majinyaci. Wannan na ƙarshe shi ne duk abin da mutum ya ƙirga ya miƙa a lokacin da ciwo ya riga ya kama shi: kuɗin kati, gwajin jini, hoto, gado, tiyata, ledar ƙarin ruwa, safar hannu, da maganin da aka rubuta masa ya je kemis ya saya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun shafe shekaru suna nuna abu guda game da mu. A cikin kowace naira 100 da aka kashe a kan lafiya a Najeriya, fiye da naira 70 daga aljihun iyalai ta fito. Ita kuwa hukumar, a rahotonta na shekarar 2010, cewa ta yi sai wannan kaso ya sauko zuwa 15 ko 20 cikin 100 kafin a ce jinya ta daina jefa mutane cikin talauci.

A Faransa kason bai kai 10 ba. A Amurka yana wajen 11, a Ingila yana tsakanin 13 da 16. Mai karatu zai ce ai waɗannan masu kuɗi ne, to mu dawo gida Afirka. Afirka ta Kudu da Botswana duk suna ƙasa da 10. Ruwanda tana wajen 10 zuwa 12, Kenya tana wajen kashi ɗaya cikin huɗu, Gana tana hawa da sauka tsakanin 25 da 40 gwargwadon shekara. Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, a 'yan shekarun nan nata kason bai kai rabi ba. Waɗanda muke sahu ɗaya da su su ne irin su Afganistan da Bangaladash da maƙwabciyarmu Kamaru.

Kafin a ɗauki waɗannan lambobi a hau mumbari da su, akwai tarkuna a cikinsu, kuma 'yan jarida da 'yan siyasa duk suna faɗawa.

Na farko shi ne rikita kaso da adadi. Amurka tana kashe fiye da dala 12,000 a kan lafiyar mutum ɗaya a shekara, Najeriya kuwa ba ta kai dala 100 ba. Saboda haka kashi 11 na Ba'amurke ya haura dala dubu, kashi 70 da ɗoriya na ɗan Najeriya kuwa bai wuce dala sittin ko saba'in ba. Wanda ya dubi adadi kawai zai ce jinya ta fi sauƙi a wurinmu. Amma shi Ba'amurke, a kan kowace dala da ya fitar akwai wasu takwas da asusu ya biya masa. Namu majinyacin, idan aljihunsa ya ƙare jinyar ma ta ƙare. Kaso shi ke nuna wanda nauyin ke kansa ranar da aka kwantar da mutum.

Juya kuɗi zuwa dala ma yana yaudara. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Magidancin da ya ninka abin da yake kashewa a kemis a tsakanin nan, idan aka auna shi da dala sai a ga kamar ya rage. Alhali mafi yawan magungunanmu da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su, kuma a cikin 2023 ɗin ne kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da sauya yadda suke kasuwanci a Najeriya suka koma sayarwa ta hannun dillalai, abin da masu asma da masu ciwon suga suka ji a jikinsu. Shi ya sa masu lissafi ke gyara alƙaluman da ƙarfin saye, wato abin da kuɗin zai iya saya a kasuwar ƙasar. Duk jadawalin da bai faɗi shekararsa da irin dalar da ya yi amfani da ita ba, a karɓe shi da hannun hagu.

Haka kuma ƙaramin kaso ba shaidar adalci ba ne. A Afirka ta Kudu, mutanen da ke da inshorar 'yan kasuwa ba su wuce kashi 16 cikin 100 ba, amma kusan rabin kuɗin lafiyar ƙasar a kansu yake tafiya, sauran jama'a na bin dogon layi a asibitocin gwamnati. A Malawi da Mozambik kason aljihu ƙarami ne domin masu ba da tallafi daga waje ne ke ɗauke da babban ɓangare, kuma ranar da suka janye hannu lissafin zai canza. A Amurka kuwa kuɗin da ake yanka daga albashi duk wata a biya kamfanin inshora ba ya shiga lissafin aljihu, ga shi miliyoyin mutane a can suna fama da bashin asibiti.

Tarkon da ya fi shafar mu a nan Arewa shi ne abin da lissafin ba ya gani sam. Ba a sa kuɗin mota a ciki. Matar da aka ɗauko da naƙuda cikin dare daga wani ƙauyen Giwa ko Soba zuwa asibitin koyarwa da ke Shika, shatar motar kaɗai na iya kai kuɗin maganin. Ba a sa abincin masu jinya, kuma kowa ya san majinyaci ɗaya mutum biyu ko uku ke kwana a kansa, ɗaya a gefen gado, sauran a kan tabarma a baranda, da fulas da buta da risho. Ba a sa kwanakin da gona ta zauna ba noma ko shago ya zauna a rufe. Tarin fuka ya isa misali. Gwajin majina kyauta ne, maganin wata shida kyauta ne, ga cibiyar horarwa ta ƙasa a kan wannan ciwo a Saye, nan kusa da mu. Duk da haka binciken da aka yi a 2017 ya gano cewa kashi 71 cikin 100 na gidajen masu tarin fuka a Najeriya sun yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara. Kuɗin ya tafi ne a yawon kemis da asibitocin kuɗi kafin a gano ciwon, da zirga-zirgar karɓar magani, da abinci mai gina jiki, da aikin da aka daina. Sannan akwai wanda bai je ko'ina ba domin ba shi da ko kuɗin kati. A takardar mai bincike an rubuta masa sifiri, sai ya fito cikin jerin waɗanda jinya ba ta dame su ba.

Ko yadda ake tambayar ma yana sauya amsa. Masu bincike kan tambayi kuɗin ganin likita na mako biyu ko huɗu da suka wuce, kwanciya asibiti kuwa na wata goma sha biyu. Wanda ya zo Zariya da takardarsa a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara, ba zai samu amsa ɗaya da wanda ya zo a watan Fabrairu ba.

Akwai ma'auni na biyu, wanda ya fi kusa da gida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana ƙirga gidajen da kuɗin jinya ya cinye fiye da kashi 10 na abin da suke kashewa gaba ɗaya, da waɗanda ya cinye musu fiye da kashi 25. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna abinci na ɗauke fiye da kashi 56 na kashe-kashen gidajen Najeriya, lafiya kuwa wajen kashi 6. Shida ba ta da ban tsoro, amma matsakaici ne, kuma ciwo ba ya rabuwa daidai. Gida tara na iya wuce shekara da fanadol da maganin maleriya, na goma ya haɗu da fiɗar haihuwa ko wankin ƙoda. A ɗauki gidan da ke kashe naira 100,000 a wata, wato miliyan 1.2 a shekara. Layin kashi 10 a wurinsa naira 120,000 ne, na kashi 25 kuwa 300,000. Idan akwai mai hawan jini da mai ciwon suga a gidan, kuma maganinsu da gwajinsu na cin 10,000 a wata, sun riga sun taka layin farko ba tare da kowa ya kwana asibiti ba. Tiyata ɗaya ta ƙaru a kai, sai a kai tunkiya kasuwa, ko a sayar da masara tun tana gona da farashin wulaƙanci, ko a jinginar da fili.

To me waɗancan ƙasashe suka yi? Amsar gajeruwa ce. Sun karɓi kuɗin tun mutane na da lafiya, sun zuba shi a tukunya ɗaya, kuma gwamnati ta biya wa wanda ba ya iyawa. Tsarin adashi ne, sai dai a nan ba a bin layi, wanda ciwo ya kama shi ke kwasa.

Tailan ta fara tsarinta a 2001, ya game ƙasa a 2002. A farkon tsarin majinyaci kan biya bat 30 na kuɗin ƙasar a kowane zuwa, kuɗin da a lokacin bai kai dala ɗaya ba, sauran daga haraji. Kason aljihu ya sauko daga wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa wajen 10. Abin lura shi ne ba su bi manoma da 'yan kasuwa gida-gida suna karɓar kuɗin wata ba, sun san ba za su tara ba. Sin, wadda kasonta ya kai wajen 60 a 2001, ta kafa asusun mutanen karkara a 2003, gwamnati na zuba mafi yawan kuɗin, yanzu ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka.

Gana ta yi dokarta a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 a kan kayan saye da sayarwa musamman domin asusun lafiya, ta ƙara da wani kashi 2.5 daga kuɗin fanshon ma'aikata. An ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 biyan kuɗin shekara, da tsofaffi daga shekara 70, da matalauta, sannan a 2008 aka ƙara mata masu ciki. Matsalarsu jinkirin biyan asibitoci, wani lokaci na watanni, har wasu su koma karɓar kuɗi a hannu. Ruwanda ita ta karɓi kuɗi daga jama'a, amma ta wajabta, ta kasa gidaje gwargwadon ƙarfinsu, ta biya wa na ƙasa, a 2011 aka tsayar da faran 3,000 na kuɗin ƙasar a shekara ga mutum ɗaya a rukunin tsakiya, da faran 200 a ƙaramin asibiti, da kashi 10 na kuɗin jinya a babba. Kuma gida gaba ɗaya ake yi wa rajista, domin kada a kawo mai ciwo kaɗai a bar masu lafiya. Fiye da kashi 80 na jama'arsu na ciki.

Darasin Nijar ya kamata gwamnoninmu su haddace. A 2005 da 2006 ta ayyana fiɗar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mata suka yi tururuwa da yara, mace-macen yara ya ragu. Amma gwamnati ta kasa mayar wa asibitoci kuɗinsu a kan lokaci, bashi ya taru, shagunan magani na asibiti suka bushe, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je waje ta saya. Kyautar da ba a ware mata kuɗi ba, a ƙarshe majinyaci ke biyan ta. Muna fata masu aiwatar da fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, wadda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar a watan Nuwamban 2024, sun karanta wannan tarihi.

Mu a nan ba doka muka rasa ba. A Abuja aka zauna a watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, amma kasafin tarayya yawanci tsakanin 4 da 6 yake yawo. An yi dokar inshorar lafiya a 1999, ta fara aiki a 2005, ta tsaya kusan a kan ma'aikatan tarayya, har binciken lafiyar jama'a na 2018 ya samu wajen kashi 3 kacal na manya ke da inshora. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga ƙananan asibitoci da jinyar talaka, amma sai a kasafin 2018 kuɗin ya fara bayyana. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta wajabta inshora a kan kowa. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar, KADCHMA, a 2018. Wajabtawa a takarda ba ta isa ba a ƙasar da mafi yawan mutane ba su da albashin da za a yanka.

Ga wanda yake cikin inshorar, ya kamata ya san yadda injin ke juyawa, domin a nan ake samun yawan ƙorafi. Asibitin da ka zaɓa ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kanka duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Da wannan zai ga ka, ya yi maka ƙananan gwaje-gwaje, ya ba ka magani. A tsarin tarayya an shafe fiye da shekara goma ana biyan naira 750 a kan mutum, magani na ta tashi, kafin a ƙara a 2024. Idan kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, asibiti ba zai kore ka ba, zai dai ce maganin ya ƙare. Babbar jinya kamar tiyata kuwa sai an tura ka da takarda an kuma samo lambar izini daga kamfanin da ke riƙe da asusun, kuma jiran wannan lamba ne ke sa wasu su gaji su biya da kansu. Majinyaci na biyan kashi 10 na kuɗin magani, ba ƙari. Sannan tsarin ma'aikatan tarayya ya ɗauki ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A gidajen Zariya, inda za ka samu mata biyu da 'ya'ya goma da tsohuwa a ɗaki, rabin gida na waje sai an biya musu daban. Wannan kaɗai ya isa ya sa kwatanta “gida” a Najeriya da “gida” a Faransa ya zama aikin taka-tsantsan.

Babbar ɓarakar da kuɗin iyali ke zurarewa ta cikinta ita ce magani, ba gadon asibiti ba. Indiya ta gane haka. Ta kafa inshorar kwanciya asibiti a 2018, har rufi 500,000 na kuɗin ƙasar ga gida a shekara, amma tun kafin nan jihar Tamil Nadu ta riƙa sayen magani a dunƙule domin asibitocinta duka, gwamnatin tsakiya kuma ta buɗe shagunan magani masu rahusa. Magidanci ma yana da abin yi a nan. Ya roƙi likita ya rubuta sunan sinadarin maganin maimakon sunan kamfani, domin amlodifin (na hawan jini) ko metfomin (na ciwon suga) na kamfanoni daban-daban aikinsu ɗaya, farashinsu na iya ninka juna, muddin akwai lambar NAFDAC ta gaskiya. A yi gwajin maleriya na ɗan tsinke kafin a sayi magani, minti 15 zuwa 20 ne, kuma ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Idan ita ce, kuma aka ba babba maganin artemether-lumefantrine mai ƙwaya 24, ya sha duka, huɗu-huɗu sau shida a kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo. Wanda ya sha rabi ya ajiye saura, ciwon na iya dawowa ya sake biya. A daina neman allura da ƙarin ruwa ga mai iya haɗiyar ƙwaya. Mai hawan jini kuma kada ya bar magani don ya ji sauƙi, domin kuɗin ƙwayar shekara guda bai kai na mako ɗaya a gadon shanyewar ɓarin jiki ba.

Muna ba da shawarar kowane gida ya ware littafi na wata uku, layi huɗu: kuɗin asibiti, kuɗin magani, kuɗin mota, da kwanakin aikin da aka rasa. A ninka jimillar sau huɗu, a kwatanta da kuɗin rajistar mutanen gidan na shekara a ofishin KADCHMA ko a ƙaramin asibitin gunduma. Idan za a shiga, a tafi da lambar NIN, a zaɓi asibiti na kusa wanda ake iya zuwa a keke napep, a tambayi jerin abin da aka ɗauke da wanda ba a ɗauke ba, a kuma shiga tun ana lafiya, domin akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki. Masu fitar da zakka da ƙungiyoyin unguwa su tambayi malamai hukuncin biya wa gidajen marayu rajistar shekara. A lissafi dai ya fi arha a kan karo-karon da ake yi a masallaci bayan an riƙe majinyaci a gado.

Ga Gwamnatin Jihar Kaduna, wadda ta sha rubuta kashi 15 ga lafiya a kasafinta, muna neman ta riƙa buga abubuwa uku duk wata uku: nawa aka saki daga abin da aka rubuta, mutum nawa ne a kowace gunduma daga cikin 255 aka biya wa rajista daga asusun marasa ƙarfi, da kuma kwana nawa asibiti ke jira kafin a biya shi. Wakilanka ma, Edita, idan wani jami'i ya ce an yi wa mutum dubu kaza rajista, su tambaye shi nawa ne daga ciki katinsu ke aiki a wannan watan, kuma nawa ne suka karɓi maganinsu a tagar asibiti ba a tura su kemis ba.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya da masu lissafin kuɗin asibiti,
Zariya, Jihar Kaduna.